Yadda Ake Cire Garkuwar Zafin Salansa a Tsohuwar Motar Gudu

Tsakanin tukunyar salansa da ƙasan mota akwai wani siririn faifan ƙarfe da ba kowa ke lura da shi ba, aikinsa tare zafi kada ya hau inda mutum ke zaune. Shi ake nufi da garkuwar zafi. A motocin gudu na Ingila na shekarun 1960 yana da muhimmancin da ya wuce girmansa, domin motoci ne da aka ƙera kusa da ƙasa ƙwarai, ba a bar wani wuri mai yawa tsakanin bututun hayaƙi da kafet ba. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Janeba a watan Maris na 1961, ta ishe mu misali: bututun hayaƙinta biyu suna bi ta ƙarƙashin motar, tukwanen salansar suna kwance dab da ƙasan da kujeru ke kai, kuma zafin cikin ɗakinta ƙorafi ne da masu ita suka daɗe suna yi. Duk wanda ya ɗauki irin wannan mota zai dawo da ita yadda take tun fil azal, dole wata rana ya iso kan garkuwar nan. Ra'ayina shi ne a cire ta kamar wanda ya tabbata gobe zai mayar da ita, ko da ta ruɓe har ba ta moruwa. Faifan kansa ba shi da wata tsada. Abin da gaggawa ke lalatawa shi ne maɗauran da ke jikin bodin motar, da surar da za a kwaikwaya a yi sabuwa, da kuma huhun mai aikin.

Sanin dalilin da ya sa wurin ke ƙin buɗuwa shi ne rabin aikin. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana fitar da kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi, kuma motar da ake fita da ita ɗan gajeren yawo a mayar gareji ba ta yin zafin da zai busar da wannan laima. Daga waje kuma ga ruwan hanya, ga gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi. Notin da ke wurin ya sha zafi ya huce sau dubbai cikin shekara hamsin ko sittin, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka tana cika tsakanin tiredi ta matse shi gam. Idan garkuwar ta alminiyom ce, matsalar ta zama biyu, domin alminiyom da baƙin ƙarfe in suka haɗu a wuri mai laima, alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Wannan ne farin garin da ake gani kewaye da washa, kuma shi ne dalilin da ya sa garkuwa ke fara karkarwa tun notinta na nan daram: ramin ne ya yi faɗi. Mai hankali zai gane daga nan cewa ƙarfin hannu ba zai ci nasara a kan notin da bai wuce kwata na inci ba. Ƙusar za ta karye kafin tsatsar ta saki.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, sai motar ta huce sarai, an ɗaga ta an ɗora a kan ƙafafun ƙarfe huɗu a ƙasa mai tauri, ba a kan jak kaɗai ba, kuma a duba wuraren da aka tokare ɗin da kyau, don a tsohuwar mota wurin da littafi ya ce a sa jak sau da yawa shi ne ya fi ruɓewa. A cire wayar batir, a fara da wadda ke haɗe da bodi. A nan akwai tarko: E-Type mai inji lita 3.8 da motar MGB ta farko-farko, wayar da ke da alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, saɓanin motocin yau, sai a 1964 Jaguar ta juya tsarin da zuwan inji mai lita 4.2, masu ƙera MGB kuma a 1967. Sannan a ɗauki hoto ta kowace fuska, a auna tazarar da ke tsakanin tukunya da garkuwa, da wadda ke tsakanin garkuwa da ƙasan mota, a rubuta. Mutane kan raina wannan awon, alhali da shi garkuwar ke aiki. Faifan alminiyom mai sheƙi yana mayar da mafi yawan zafin da ke haskowa daga tukunya, iskar da ke ratsa tazarar kuma tana kwashe saura. Faifan da aka manna wa ƙasan mota ba tazara ya koma mai isar da zafi kawai. Don haka duk wani ɗan zobe ko washa mai kauri da aka tarar a bayan garkuwar, da gangan aka sa shi, a lura da inda yake da yadda aka jera shi.

Tambaya mafi nauyi tana zuwa tun kafin sifana: mene ne a cikin garkuwar? Masana'antun motoci na wancan zamani sun yi amfani da asbestos sosai a duk inda ake son tare zafi, a birki da kuloci da gasket, har da garkuwoyi, wani lokaci a like a fuska ɗaya, wani lokaci a cusa tsakanin faifai biyu. Garkuwar da ke raba kafireto da bakin hayaƙi a MGB sananniya ce da haka. Birtaniya ta haramta asbestos shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, amma farin sai a 1999, ke nan ko kayan gyaran da wani ya sa wa motar shekaru ashirin bayan ƙera ta ba abin yarda ba ne. Ostareliya, wadda ta hana shi baki ɗaya a ƙarshen 2003, tana iya tsare tsohuwar motar da aka shigo da ita har sai an tabbatar ba ta ɗauke da shi. Ido ba ya bambance asbestos da sauran zare masu kama da shi, gwaji ne kaɗai ke yi, saboda haka duk wani abu fari ko toka-toka mai kama da kwali ko saƙa da aka gani a garkuwar motar da ta girmi 1999, a ɗauka shi ne. Haɗarinsa yana cikin ƙurar da ke tashi in an kankare shi ko an karya, kuma ciwon dajin da yake jawowa a fatar huhu kan ɗauki shekara ashirin zuwa hamsin kafin ya bayyana. Abin yi shi ne a jiƙa shi sosai da ruwa mai ɗan sabulu daga kwalbar feshi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a sa takunkumi mai lambar FFP3 ko P3 wanda ya zauna a fuska ba kafa, a sa rigar aiki da za a jefar. Ba buroshin waya a kansa, ba injin gurza, ba hura iska, ba tsintsiya. In ya sauko, a naɗe shi cikin leda biyu a rubuta abin da ke ciki, a kai inda hukumar yankin ta keɓe wa irin wannan shara. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa a ciro garkuwar ɗungurungum, domin kowace karaya ƙura ce.

A mafi yawan motoci ba a isa ga garkuwar sai an saukar da tukunyar, kuma ƙoƙarin zare ta ta gefe yakan ƙare da lanƙwasa ta. A tokare tukunyar da jak da katako, a kwance maɗauran bututu, a cire robobin rataya, a murɗa bututun hagu da dama har ya zame. In salansar za a sauya ta, yanke bututun da zarto ya fi sauƙi, kuma ba a yi asarar komai ba. Abin kiyayewa ɗaya ne: kada a bar nauyin bututu ya rataya a wuyan bakin hayaƙi, wanda ƙarfen zubi ne, tsagewa yake yi ba lanƙwasa ba.

Yanzu ga maɗauran, inda aikin yake na gaske. Iri uku ake samu, gwargwadon mota da shekararta da hannun da ya taɓa ta a baya: ƙusa mai tiredi da aka yi wa walda a bodi ana ɗaura mata noti, ko noti da aka like a bayan faranti ana ɗaura masa ƙusa, ko kuma ribit da ƙananan sukurori masu yanka wa kansu hanya. Farkon abin dubawa shi ne girman sifana. Motocin Ingila na lokacin awon inci suke bi, 7/16 da 1/2 da 9/16, akwatunan kayan aikin garejojinmu kuwa, da suka saba da Peugeot da motocin Japan, na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, don haka sifana mai lamba 13 za ta shiga kamar ta dace, ta kuma murje kusurwoyin notin da tsatsa ta riga ta rage masa jiki. A nemi soket mai kusurwa shida na ainihin girman, a ƙwanƙwasa shi ya zauna. Datsun 240Z da Porsche 911 ba su da wannan matsalar, na milimita ne. A goge tiredin da ya fito waje da ƙaramin buroshi, bayan an rufe duk wani abu mai kama da asbestos da jiƙaƙƙen tsumma, domin duk tsatsar da aka bari a wurin noti zai hau ta ya cije a tsakiyar hanya. A zuba man kwance tsatsa safe da yamma na kwana biyu ko uku, ana ɗan bubbuga kan notin don man ya sami hanyar shiga. Ranar kwancewa a fara da ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan, abin da zai fasa tsatsar, sannan a juyo kwata, a koma, a ƙara mai, a sake juyowa. A riƙe ƙaramar sifana kusa da kanta. Hannu yana jin bambanci tsakanin notin da ke juyawa da ƙusar da ke murɗewa: na farko yana ƙara yana motsi a tsattsaye, ta biyu kuwa sai a ji ta yi laushi kamar ana murɗa danƙo. Da an ji laushin nan a tsaya.

In noti ya ƙi, ƙa'idar ita ce a sadaukar da abin da ake saya a kasuwa don a ceci abin da aka yi wa walda. Noti kuɗinsa kaɗan ne, don haka shi za a fasa, da abin fasa noti ko da siririn zarto a yanka gefensa har kusa da tiredi, sannan a buɗa tsagar da cizal. Ƙusar da ta tsira a bi ta da abin gyaran tiredi na UNF, ta koma kamar sabuwa. Notin da aka like a baya kuwa, in aka matsa masa sai waldarsa ta balle ya riƙa juyawa tare da ƙusar. In ana iya kai masa ta cikin mota, a ɗaga kafet a riƙe shi da filaya, in kuwa cikin rufaffen ƙarfe yake, a yanke kan ƙusar a sauke garkuwar tukuna, a dawo masa daga baya da ido biyu. Ribit ba a fizgarsa. Ana fara tura ɗan ƙarfen da ke tsakiyarsa ciki, a huda kansa da bakin huda daidai girmansa, galibi 1/8 ko 3/16 na inci, har kan ya fita, a tura saura. A naɗa wa bakin hudar tef a matsayin iyaka, don a bayan farantin ana iya samun waya ko bututun birki ko na mai. Maɗauri ɗaya na tsakiya a bar shi a sassauce har ƙarshe, kada faifan ya rataya a kusurwa ɗaya ya yage. In kwaltar da aka shafa wa ƙasan mota ta riƙe shi, a zura faffaɗar wuƙar fenti a raba su a hankali.

Mai ƙin wannan hanya zai ce ɓata lokaci ne, tunda masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Ingila suna da sabbin garkuwoyi, MGB ma da aka ƙera fiye da dubu 500 a Abingdon tsakanin 1962 da 1980 kusan babu abin da ba a samu nata. Gaskiya ne, amma sabuwar garkuwa ba ta zuwa da ƙusoshin da ke jikin bodi. Wanda ya karya ƙusa huɗu cikin minti goma ya saya wa kansa aikin walda a ƙasan mota, wanda ke nufin cire kujeru da kafet, kankare kwalta, nisantar da bututun mai, da sake fenti ciki da waje. Ban da haka, kayan kwaikwayo ba kullum suke zama daidai ba, musamman a motar da aka yi ta sauya wa fasali, kamar E-Type da ta tashi daga inji mai silinda shida zuwa V12 a 1971, ga mai kujera biyu ga doguwa mai ƙarin kujeru a baya. Tsohuwar garkuwa, ko ramuka sun cinye ta, ita ce shaidar inda lanƙwasa take da inda ramuka suke. A ɗora ta a kan kwali a zana, in kuwa mai asbestos ce a yi zanen tana jiƙe kafin a naɗe ta. Ga motar da ba a yin kayanta kuma, wannan kwalin shi ne abin da fanel bita zai bi ya buga sabuwa.

Wani kuma zai ce ai wuta tana kwance kowane noti, me ya sa za a yi ta jiran mai kwana uku? Wuta tana yi, babu musu, kuma a wuyan bakin hayaƙi inda ƙarfe ke da kauri ita ce magani. Amma garkuwar salansa a ƙarƙashin siririn faranti take, wanda a samansa akwai kafet da abin rage ƙara, a ƙasansa akwai kwalta da man da aka yi kwanaki ana fesawa, kuma tankin fetur ba nisa. Wutar da ta kama ta cikin ɗakin mota, wanda ke kwance a ƙasa shi ne na ƙarshen ganinta. Alminiyom kuma yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mutum ba. Ga shi notocin wancan zamani da yawa an yi musu rufin kadmiyom ko zinki, hayaƙinsu guba ne in sun sha wuta. In zafi ya zama dole, na'urar da ke ɗumama noti da maganaɗisun lantarki ba harshen wuta ita ta fi, ko kuma ƙaramar wuta bayan an kwashe kafet, an kare kewaye da jiƙaƙƙen tsumma, da mutum na biyu a tsaye riƙe da abin kashe gobara.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi daga wani ɓangaren yake zuwa: in garkuwar tana nan lafiya, kuma ana zargin asbestos a cikinta, me zai hana a ƙyale ta? Wannan magana tana da tushe, domin asbestos da ba a taɓa ba bai kai wanda aka tayar haɗari ba, kuma motar da ake hawa kullum, ƙasanta lafiya, ban ga dalilin tono mata wannan ba. Amma maganarmu ta motar da ake gyarawa daga tushe ce, wadda za a kankare ƙasanta a yi mata walda da fenti. A irin wannan aiki garkuwar da aka bari za ta sha girgiza da tartsatsi da feshin yashi, wato za a tayar da ƙurar ne ba tare da shiri ba. Sannan saman garkuwa maɓoyar laka ce, tana riƙe laima a jikin farantin da zafi ya riga ya ƙone wa fenti. A mota irin E-Type da MGB, waɗanda ba su da shasi dabam a ƙarƙashin ɗaki, ƙasan motar yana cikin abin da ke riƙe da ƙarfinta. Wanda ya yi fenti ya kewaye wannan wuri ya rufe ainihin inda ya kamata ya duba. Bayan an sauke ta, a bi farantin da bakin sukudireba ana dannawa, musamman gindin kowace ƙusa, duk inda ya lotsa a yanke a sa sabon ƙarfe.

Saura masu cewa a cire a jefar, mota za ta yi tafiyarta. Al'ada ce da ake gani a garejin bakin hanya ko'ina: garkuwa ta fara ƙara, bakanike ya fizge ta, mai mota ya ji shiru ya yi godiya. Motar za ta tafi, amma zafin bai tafi ko'ina ba. Kwalta tana laushi ta ɗiga, kafet yana gasuwa, robobi suna bushewa, fetur a bututun da ke kusa yana iya zama tururi inji ya riƙa shaƙewa a cunkoso. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsotsi laima ma'aunin ya sauko zuwa 155, kuma E-Type birkinta na baya a tsakiya yake kusa da inda bututun hayaƙi ke wucewa, wuri mai zafi tun asali. Kamfanin da ke ƙirga kowane sule bai sa faifan nan don ado ba.

Wajen mayarwa, tsohuwar da ba ta da asbestos ana iya wanke ta a miƙe ta da gudumar roba a kan katako, ramukan da suka yi faɗi a rufe su da manyan washa ta fuska biyu. Fuskar da ke kallon tukunya a bar ta da sheƙinta, baƙin fenti yana sa ta shan zafi maimakon mayar da shi. Inda asbestos yake a da, a sa auduga ta gilashi ko ta yumɓu da aka yi don zafi, mai rufin alminiyom. A shafa wa tiredi giris mai jure zafi, a yi amfani da notin tagulla in an samu don ba ya kama ƙarfe, a ɗaure daidai ba a wuce kima ba, a mayar da zobban tazara yadda hoto ya nuna. Bayan an rataya salansa a girgiza ta da hannu a ga ba ta taɓa garkuwar ta kowace fuska, a tayar da inji ya yi zafi sosai, a bar shi ya huce, sannan a sake bin notocin, domin zagayen zafi na farko yakan sassauta su.